A-kori-kura Mai Shan Dizal: Yadda Ake Zaɓenta, a Ja Kaya da Ita, Ta Kuma Daɗe

A yankunan noma da kiwo na Amurka, irin su Texas da Oklahoma da Nebraska, manomi ba ya rabuwa da a-kori-kura mai shan dizal. Da ita yake jan tirelar shanu zuwa kasuwa, da ita yake kai tarakta gona mai nisa, da ita yake kwaso ciyawa da taki. Kamfanoni uku ne ke riƙe da wannan kasuwa: Ford, da Ram wadda a da ake kira Dodge, da General Motors mai Chevrolet da GMC. Manya daga cikin motocinsu na yau suna jan fiye da tan 16. A can ba abin mamaki ba ne a ga wadda ta ci kilomita 500,000 ba a taɓa buɗe injinta ba, an ma samu waɗanda suka kai mil miliyan ɗaya, wato kilomita miliyan 1.6.

Tsofaffin waɗannan motoci suna sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Legas da Lome, suna isowa hannun manoma da 'yan kwangila da masu haƙar rijiyar burtsatse, ban da Hilux da Land Cruiser da muka daɗe da sani. Mai saye yakan ji labarin daɗewar injin dizal ya ɗauka ya sayi kwanciyar hankali. Abin da ya kamata ya sani tun farko shi ne, ba inji ne ke fara mutuwa ba. Famfon mai, da nozul, da lagireto, da giyabos, da birki, su ne ke ajiye mota, kuma dukkansu hannun mai ita ne ke yanke musu kwana ko ya ƙara musu.

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Iska kawai yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafin da idan nozul ya fesa mai zai kama da kansa. Dabarar Bajamushen nan ce Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Injin fetur yana matse iska kamar sau 10, na dizal kuwa sau 16 zuwa 22. Matsi irin wannan zai fasa ƙarfe mara kauri, don haka dole aka yi masa bulok na baƙin ƙarfe mai nauyi da kiranshaf mai kauri. Ga shi kuma ba ya buƙatar gudu kafin ya ba da ƙarfi. Injin Cummins mai lita 5.9 da Dodge ta fara sa wa motocinta a 1989 ƙarfin doki 160 kawai gare shi, amma ƙarfin murɗawarsa ya kai Nm 540 tun yana juyi 1,700 a minti. Injin fetur sai ya yi ruri da juyi 4,000 ko fiye kafin ya haye tudu da lodi. Wanda ke aiki a natse da wanda ke aiki yana haki ba za su tsufa tare ba. Ƙarfin murɗawa, ba ƙarfin doki ba, shi ne ke tayar da tirela daga tsaye ya kuma riƙe ta a kan hawa, saboda haka shi za ka fara dubawa a takardar mota. Hilux mai lita 2.8 ta yanzu tana kaiwa Nm 500, manyan na Amurka kuwa sun haura 1,400.

Kafin ka nufi wurin dillali, ka raba motocin nan gida biyu a ranka: na kafin 2007 da na bayanta.

Na farkon su ne suka yi wa dizal suna. Cummins mai bawul 12, musamman na 1994 zuwa 1998 mai famfon Bosch P7100, ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya fesa mai, kuma duk bakaniken da ya iya gyaran famfon babbar mota zai gane kansa. Ford tana da Power Stroke mai lita 7.3 wanda kamfanin Navistar ya ƙera mata daga 1994 zuwa 2003. Shi da baƙin mai yake tura nozul ɗinsa, don haka idan ka yi sakaci da juye, nan take za ka ji shi a tashin mota da kuma ƙarfinta. General Motors ta fito da Duramax mai lita 6.6 a 2001 tare da haɗin gwiwar Isuzu, ta haɗa shi da giyabos na Allison wanda ya yi suna wajen juriya, ko da yake na shekarun farko sun sha fama da lalacewar nozul. Ba kowane tsohon inji ne abin yabo ba. Power Stroke mai lita 6.0 na 2003 zuwa 2007 an san shi da toshewar na'urar sanyaya baƙin mai da ƙonewar tof-gaskit, kuma wanda bai da bakaniken da ya ƙware a kansa gara ya wuce shi. A Dodge na wancan zamani kuwa, inji yakan fi ƙarfin giyabos mai canza kansa, sai a ga inji lafiya lau amma an sauke giya sau biyu.

Daga 2007 dokar hayaƙi ta Amurka ta tsananta. Aka sa wa salansa matatar da ke kama kunkunniyar hayaƙi, ita ce ake rubutawa DPF. Daga wajejen 2011 aka ƙara wani ruwa da ake zubawa a tankinsa daban, wanda a Turai ake kira AdBlue, haɗin yuriya ne kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa. Idan ya ƙare, kwamfutar mota za ta rage mata gudu har ta koma rarrafe. An ƙera waɗannan motoci ne don man da sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, irin wanda Amurka ta koma sayarwa tun 2006. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan, bayan shekaru ana shigo da mai ɗauke da dubbai. Yarjejeniya a takarda daban, abin da ke cikin durom a bakin hanyar ƙauye daban. Man da farar wuta ta yi masa yawa yana toshe matatar, yana kashe na'urorin tace hayaƙi, yana kuma ɓata baƙin mai da wuri. Sannan famfon zamani yana matsa mai har matsinsa ya wuce 2,000 a ma'aunin "bar", sassan cikinsa kuma da dizal ɗin kansa suke samun santsi. Famfon Bosch CP4, wanda ke cikin Ford daga 2011 da Duramax na 2011 zuwa 2016, idan ya haɗu da ruwa ko busasshen mai yakan niƙe kansa ya watsa garin ƙarfe cikin nozul da layukan mai gaba ɗaya, sai an canza komai.

Da yawa sukan ce a yanke matatar a huta. A Amurka laifi ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mu ɗauke shi wasa ba. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin huhu, kuma karen mota da yaran da ke talla a bakin titi su ke shaƙarsa. Idan inda kake aiki ba a samun mai mai tsafta da ruwan AdBlue, mafita ita ce ka sayi injin da aka yi don irin wurin tun asali. Wannan ne ya sa Toyota ta daɗe tana sayar da Land Cruiser mai injin 1HZ a Afirka, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda ya fito a 1990, ba turbo ba kwamfuta. Ƙungiyoyin agaji da direbobin hamadar Agadas sun san darajarsa. Sai dai ƙarfin murɗawarsa Nm 285 ne, don haka da tirela mai nauyi zai kai ka, amma a hankali.

Ranar duba mota, ka sa sharaɗi kada a tayar da ita kafin ka zo, ka kuma taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake. Injin da ya gaji yana ɓoye aibinsa idan ya ɗumama. Lafiyayye zai tashi ba daɗewa, ɗan hayaƙin farko ya washe cikin ƙanƙanin lokaci. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana cin baƙin mai, ko ta rin ko ta turbo. Baƙi ƙirin na nufin mai ya fi iska yawa, wataƙila filtar iska ce ta toshe, wataƙila nozul ne ke zuba. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne mafi tayar da hankali, domin yana iya zama ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Yayin da take sulo, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. Idan ya zauna yana ɗan rawa, babu laifi. Idan tururi yana ture shi yana bugowa, matsi na zurarewa ta gefen fistin, aikin buɗe inji ya kusa. Duba ruwan lagireto ko yana kumfa ko akwai maiƙo a samansa. Zaro ma'aunin man giya ka shinshina, ja mai haske ake so, wanda ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna ya sha jan kaya da zafi.

Sannan ka kwanta ka leƙa ƙasa da tocila. A jihohin arewacin Amurka kamar Michigan da Ohio da New York ana watsa gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, shi kuwa gishiri yana cin shasi da bututun birki. Fenti mai sheƙi a sama yakan sa a yi wa rogo kallon kitse. Ƙwanƙwasa shasin da guduma, musamman kusa da inda sifirin na baya ya kama da inda aka ɗaura ƙugiyar ja. Idan ka ga ramukan kusoshi ko faranti na ƙarfe a tsakiyar bodi, motar ta yi aikin jan babbar tirela, sai ka ƙara tsananta binciken giya da aksul. Kada ka tsaya ga mitar tafiya kaɗai, yawancin na zamani suna nuna awannin da inji ya yi yana aiki. Motar kamfanin da ta wuni tana sulo a wurin gini tana iya nuna tafiya kaɗan alhali injinta ya tsufa, makanikai a can sukan lissafa awa ɗaya ta sulo kamar tafiyar kilomita 40 zuwa 50. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 kuma tana ba ka damar bincika tarihin motar ta intanet, ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta cinye ta.

Batun lodi shi ne inda aka fi cutar mota, kuma a nan zan daɗe. Mu mun fi sabawa da ɗora wa a-kori-kura kaya a baya, ja kuwa lissafinsa daban. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda manne. Za ka ga GVWR, wato iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. A littafin mota kuma akwai GCWR, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Lambar da masu talla ke ɗagawa ita ce ta abin da mota za ta iya ja, amma wadda ke fara cika ita ce ta abin da za ta iya ɗauka, domin tirela ba ja kawai ake yi ba, tana kuma danna bayan mota. Wadda ake rataya wa ƙugiyar baya ya kamata ta danna da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Wadda wuyanta ke hawa tsakiyar bodi, daidai saman aksul, tana dannawa da kashi 15 zuwa 25, shi ya sa ta fi natsuwa a hanya, shi ya sa kuma masu jan shanu a Amurka suka fi son ta.

A ce motarka na ɗaukar kilo 1,000, za ka ja tankin ruwa ko janareta mai kilo 3,000. Kilo 300 ya riga ya hau bayanta ta ƙugiya. Kai da mutum uku, wani 300 ke nan. Abin da ya rage maka kilo 400 ne, buhun siminti takwas kacal. Wanda ya cika bodi da buhu ashirin ya kuma rataya tirelar ya wuce iyaka nesa, ko da inji bai nuna gajiya ba. Injin dizal zai ja, ai matsalar ke nan. Sifirin da taya da bodin aksul ne za su biya, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birkin gaba ya rasa kamu. Idan akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, a masana'anta ko wurin sayen hatsi, ka je a auna maka sau ɗaya da cikakken lodi. Ido ba ya auna tan.

Akwai dalilin barin rata ko da lissafi ya yi daidai. Kamfanonin Amurka suna fitar da lambar ja ne bisa gwajin da ake kira SAE J2807, wanda a cikinsa mota ke hawan tudun da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba. Sabuwar mota ke nan, da sabon lagireto, a kan kwalta mai kyau. A Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas zafin watan Afrilu yana haura 40, ga ramuka, ga yashi, motar kuma ta shekara goma sha. Ka tsaya a kashi 80 cikin ɗari na abin da takarda ta ce.

Wajen haɗa tirela, ka kula da girman ƙwallon ƙugiya. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma babba mai inci 2 da 5/16. A ido biyun farko kusan ɗaya suke, a kasuwanninmu kuma kayan nahiyoyin biyu a gauraye suke, amma bakin tirela da ya fi ƙwallo girma yana iya tsalle ya fita a kan rami. Ka gitta sarƙoƙi biyu na tsaro a ƙarƙashin wuyan tirela yadda idan ya kuɓuce zai faɗa kansu maimakon ya soki ƙasa. Wajen loda kaya, kashi 60 cikin ɗari ya kasance gaban aksul na tirela, a ɗaure da kyau. Kayan da suka rinjaya baya su ke sa tirela lilo. Tankin ruwa kuma ko a cika shi fal ko a bar shi wayam, rabin tanki yana tunkuɗa mota duk lokacin da aka taka birki. Duk tirelar da ta wuce kilo 750 tana buƙatar birkinta na kanta. Hilux da aka ce tana jan kilo 3,500, da wannan sharaɗin ne. Maƙerin da zai haɗa maka tirela a gida, ka gaya masa haka kafin ya fara walda.

A kan hanya, zafi ne abokin gaba. Kada ka bar mota a babbar giya tana gurnani a kan hawa kana danna totur har ƙasa, wannan yana cika silinda da mai ba isasshiyar iska, hayaƙi ya yi zafin da zai iya narka kan fistin. Sauko da giya tun kafin ka fara hawa, inji ya yi juyi a sake. Masu jan kaya da gaske sukan sa agogon auna zafin hayaƙi, ba sa bari ya daɗe sama da digiri 680. A gangare kuwa, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Injin dizal ba ya riƙe mota da kansa sosai kamar na fetur, shi ya sa manyan na zamani ke da birkin salansa, idan taka na da shi ka kunna. Kada ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta, ka taka da ƙarfi gudu ya ragu, ka saki ya huce. Idan tirela ta fara lilo, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sak, kada ka yi ƙoƙarin bin ta da murɗawa, idan da makunnin birkin tirela a hannu ka ja shi shi kaɗai. Da ka isa, bar inji ya yi sulo minti uku zuwa biyar kafin ka kashe, domin turbo yana da zafi ƙwarai, idan baƙin mai ya daina zagayawa nan take sai ya ƙone a cikinsa.

Kula ta yau da kullum ba ta da wuya, naci take so. Littafin mota yana da jadawali biyu na juye, na aikin sauƙi da na aikin wahala, jan kaya cikin ƙura kuwa na biyun ne. Manyan injinan Amurka suna shan kusan lita 10 zuwa 14 a juye ɗaya, kuma mai matatar hayaƙi sai baƙin mai mai lambar CJ-4 ko CK-4. Ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa ƙasan filtar dizal kowane mako, ka canza ta kafin lokacinta, ka ajiye wata a mota. Ka zaɓi gidan mai guda mai yawan ciniki ka riƙe shi. Man jarka da aka gauraya da kananzir yana rage santsi, famfo ne zai fara kuka. Lokacin hunturu ka duba filtar iska akai-akai, idan ta huje ko ta tsage a jefar, ƙurar da ta wuce ta rin da silinda take gogewa. Lagireto a zuba masa ruwansa na musamman, ruwan rijiya yana barin ƙanzo yana kawo tsatsa. Injin da ke da bel na taimin, kamar 1HZ, a canza shi a kan lokaci, idan ya tsinke fistin da bawul za su yi karo. Taya kuma ta zama mai alamar LT, a ba ta iskar da aka rubuta don lodi, a duba lambobi huɗu na gefenta masu nuna mako da shekarar ƙira. Na'urorin da ake sa wa kwamfutar mota don ƙara ƙarfi kuwa, daga kwanan giyabos da tof-gaskit suke ciro wannan ƙarfin.

Saura tambayar ko kuɗin zai fita. A Amurka, zaɓar injin dizal maimakon na fetur a sabuwar babbar a-kori-kura yana ƙara kusan dala 10,000. Juyensa ya fi tsada, nozul da famfonsa sun fi tsada, a Najeriya kuma litar dizal ta fi ta fetur kuɗi ko bayan cire tallafi a 2023. Abin da yake mayarwa shi ne ƙarancin shan mai, domin litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, injin kuma ya fi iya cin moriyarta, sai a samu ragin kashi 20 zuwa 30, ratar tana ƙara buɗewa idan lodi ya yi nauyi. Ka ɗauki biro ka rubuta kilomita nawa kake yi a shekara da kaya a baya, ka lissafa litar da kowace za ta sha da farashin garinku, ka cire bambancin kuɗin sabis, ka ga shekara nawa za a yi kafin rarar ta biya ƙarin kuɗin saye. Mai jan tan uku ko fiye kowane mako a doguwar hanya zai ga lissafi ya koma wajensa da wuri. Wanda motarsa ke zirga-zirgar cikin gari, sai jefi-jefi ya ja wani abu, fetur ya fi masa, domin gajeren zango ma cutar da dizal na zamani yake yi: matatar hayaƙi sai an yi doguwar tafiya da zafi take ƙone abin da ta tara.

Ragowar darajar sai ranar sayarwa take bayyana. A kasuwar tsofaffin motoci ta Amurka, Cummins na kafin 2007 da Power Stroke mai lita 7.3 masu shasi mai kyau har yanzu ana rububinsu, sun fi takwarorinsu na fetur riƙe farashi nesa ba kusa ba, kamar yadda tsohuwar Land Cruiser ke yi a nan. Mai saye na gaskiya zai tambayi abin da aka yi wa motar. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun gaba, duk juye da canjin filta da man giya da bel ka rubuta kwanan wata da lambar mita, ka haɗa da rasit ɗin kayan da ka saya.